Neman wa Karatun Modibbo Masauki a Kalgo

Tun da na dawo daga Kalgo ban ƙara shan shayi cikin natsuwa ba. Duk inda na zauna, ko rumfar mai shayi ko dakalin masallaci bayan La'asar, sai wani ya matso ya ce, "Malam Sakatare, wai yaya kuka baro su?" kamar wanda ya dawo daga birnin Sin. Kalgon nan ce dai da kuka sani, wadda mai babur zai je ya dawo bai rasa Azahar ba. Amma da na ji labarin ya fara yawo a bakin waɗanda ba su je ba, har ana cewa mun saya wa Modibbo gidan sama a Turai, sai na ga gara in rubuta shi sau ɗaya in huta.

Ga wanda bai san mafari ba, Modibbo malaminmu ne, shi ke tafsiri a unguwarmu kowane azumi tun ina da baƙin gashi. Bana muryarsa ta gaza, likita ya ce in ya zauna tafsiri to ya yi sallama da maƙogwaronsa. Ɗalibansa kuwa sun bazu, wasu na Legas, wasu Yamai, wasu har Kumasi, kuma duk sun saba azumi ba ya cika sai da muryarsa. Abin da ya rage shi ne karatun da aka ɗauka a kaset shekara da shekaru, wanda tuni aka juye cikin wani ɗan ƙarfe da bai fi akwatin ashana ba. Sai a ɗora shi a shafin intanet, kowa ya saurara daga inda yake.

Bara mun gwada. Wani ɗan'uwa ya buɗe mana shafi na kyauta da sunansa, ya tafi Legas da kalmar sirrin, masu wurin kuma suka rufe shi ana tsakiyar azumi, daidai inda 'yan'uwan Annabi Yusufu suka jefa shi rijiya. Mutanen Kumasi har yau suna jiran ayarin da zai fito da shi. Bara dai Modibbo na zaune yana karatu, abin ya zo da sauƙi. Bana in shafi ya faɗi, shiru ne gaba ɗaya, na nesa da na kusa.

Kwamitin ɗalibai ya ɗora mana aikin mu biyu. Ni ne sakatare, saboda a garinmu duk wanda ya taɓa riƙe alli ana ɗauka ya san komai, daga nahawu har gyaran fanka. Shugaba kuwa Alhaji Bawa ne, dillalin albasa, mutumin da bai taɓa sayen buhu bai zura hannu har gindinsa ba. Na tuna da Kulu, wadda na koyar a sakandare, yanzu tana da shago a Kalgo tana yi wa makarantu da 'yan kasuwa shafuka. Na kira ta, ta ce, "Malam, ba sai kun taso ba. Ku aiko da ɗan ƙarfen a mota, sauran ta waya ma a gama."

Na kai wa Alhaji saƙo. Ya ce, "To karatun ga, ina za shi zamna?" Na ce a kwamfutar wasu mutane, haya za mu riƙa biya. Ya ajiye carbi.

"Haya? Malam, kai hwa ɗan garin ga ne. In malami za shi sauka Gwandu, mi muka yi? Ba sai an tahi an ga gida, an gaida mai gida, an kai ma maƙwabta goro ba? Bara kun sauke Modibbo gidan da ba ku sani ba, anka koro shi tsakiyar azumi. Bana da ni za a tahi."

Na tuna da abin bara, na ce to, mu haɗu a tasha.

Da safe na isa tasha da ɗan ƙarfen a aljihun gaba. Na tarar da Alhaji da kwalaye biyu cike da kaset-kaset na asali, da ƙunshin goro fari. Na ce ai ba a buƙatar kaset. Ya ce wanda za a kama wa ɗaki dole mai gida ya gan shi. Yaron mota ya ɗaga kwali zai jefa a baya, saman buhunan albasa, Alhaji ya daka masa tsawar da ta tayar da tantabarun tasha. Tafsiri ba ya hawa bayan mota, ba ya zama a ƙasa inda ƙafafu suke. Aka biya wa kwalaye kujera. Su suka sami gefen taga, Alhaji ya zauna kusa da su yana gadi, ni kuwa aka ba ni abin da ya rage, wato rabin mazauni tsakanin ƙofa da wata Bafulatana mai ƙwaryar nono, wadda ta ɗora mini kwandon ludayinta a cinya ba tare da ta nemi shawarata ba.

Direba ya rantse saura mutum ɗaya a tashi. Mutum ɗayan nan, kamar yadda kowa ya sani, ba a haife shi ba tukuna. Da muka tashi rana ta yi sama, kuma ba mu yi nisa ba taya ta yi faci. Ta safiya ma, wato wadda aka ajiye don irin wannan rana, ita ce ta fi buƙatar addu'a. Muka zauna gindin wata bishiya muna kallon direba yana tare masu babur, Bafulatana ta sayar da rabin nononta ga fasinjoji, na gane cikinmu ita kaɗai ce tafiyar ta yi wa rana.

Littattafan tafiye-tafiye da na karanta duk suna da babin iyaka, to mu ma mun sami namu. Bayan mun sake mota a Birnin Kebbi, kafin shiga Kalgo akwai shinge. Wani jami'i ya leƙo, ya ga kwalaye biyu a kujera kamar fasinjoji, ya ce, "Mene ne a ciki?"

Alhaji ya ce, "Malaminmu ne."

Jami'in ya ja da baya taki ɗaya. Ya dube ni, ya dubi kwalin, ya kira na gaba da shi. Sai da aka kwance igiya, aka ga kaset, aka yi bayani tun daga maƙogwaron Modibbo har mutanen Kumasi, sannan babban ya cire hula ya ce a sa shi a addu'a. Fasinjojin da muka ɓata wa lokaci su ma sun yi mana addu'a, amma ba irin wadda ake rubutawa ba.

Shagon Kulu ɗaki ɗaya ne, da kwamfutoci a jikin bango da fanka mai ƙara. Ta rusuna ta gaishe mu, ta kawo ruwa. Alhaji bai taɓa kofin ba.

"Ɗiyata, mu fara da abin da ya kawo mu. Ina gidan shike?"

"Wane gida, Baba Alhaji?"

"Inda karatun za shi zamna. Kai mu."

Ta dube ni. Na dubi fanka. Wanda ya koyar da yaro ya san ranar da zai rama, kuma na ga tawa ta zo.

Ta jawo kujera ta zauna, ta fara kamar yadda nake fara darasi a da, har da tafa hannu sau ɗaya. Ta ce abu biyu ne mutane ke haɗawa. Na farko suna, wato adireshin da mutum zai rubuta a wayarsa ya iso shafin. Wannan ba a sayensa dungurungum, hayarsa ake yi shekara-shekara, in ka yi sakaci wani ya ɗauke. Na biyu wurin ajiya, wata babbar kwamfuta da ake kira saba, wadda ba a kashewa dare da rana, tana cikin wani gini mai sanyi da masu gadi. Duk wanda ya rubuta adireshin, ita ce ke miƙo masa karatun.

"To ginin ga ina shike?"

"Zai iya zama Legas, zai iya zama Turai. Ni ma ban taɓa ganinsa ba."

"Ba ki taɓa ganin shi ba, kina sauke mutane ciki?"

Ta haɗiye wannan, ta ci gaba. Ta ce haya iri uku ce. Akwai gidan haya na gama-gari, inda shafuka da yawa ke zaune a kwamfuta ɗaya, kowa da ɗakinsa amma rijiya ɗaya, wuta ɗaya, mai gida ne ke shara da gyara. Akwai sashe, inda aka yanka maka rabonka da ƙofarka, ba mai taɓa ruwanka, amma gyaran ciki naka ne sai in ka ƙara kuɗi. Sai gida sukutum, kwamfuta guda taka kai kaɗai, kai ne mai gida kai ne mai gadi. Ta ce shafi irin namu, mai karatu da ɗan rubutu, ɗaki mai faɗi a gidan haya ya ishe shi.

Alhaji ya gyara zama, na san an zo wurin. "Su wa ke cikin gidan hayan ga?"

"Ba a sani ba, Baba."

"Ana iya samun mai caca?"

"Ana iya samu."

"Mai kiɗa? Masu hotunan banza?"

"Masu gidan kirki suna korar irin waɗannan, amma ba zan rantse maka ba."

"La'ilaha illallahu! Tafsirin Alƙur'ani, bango ɗaya da ɗan caca! Malam, kana ji kana shiru? A ba mu gida sukutum."

Na ce masa ba bango ba ne irin wanda ya sani, ba maƙwabta ba ne irin na unguwa. Abin haushi, Kulu ba ta goyi bayana gaba ɗaya ba. Ta ce, "Malam, tambayar Baba tana kan hanya. Maƙwabci in ya cika tara jama'a, naku shafin zai iya yin nauyi. In ya yi abin kunya aka ɓata sunan gidan, wani lokaci ƙurar kan taɓa na kusa. Shi ya sa ake zaɓen mai gida mai sa ido." Alhaji ya dube ni kallon da nakan yi wa ɗalibin da bai yi aikin gida ba. Amma ta ƙara da cewa gida sukutum kuɗinsa na wata ya fi na shekarar gidan haya, kuma yana son mutumin da ya san aikin ya tsaya kansa kullum, in ba haka ba ɓarayin intanet su shiga, ko ya tsaya cak ba mai tayar da shi. In kuma aka kasa biya, ba a ɗaga ƙafa, waje ake watso kaya.

"Kuɗi ba matsala ba ne," in ji Alhaji, kamar yadda dillalan albasa ke faɗa a watan da albasa ke tsada.

Ta ce bari ta nuna mana a allo. Nan take wuta ta ɗauke. Ta juya kan sola, sai sabis ɗin intanet ya bi wuta. Muka jira har aka kira Magariba, ba ko ɗayansu da ya dawo, motocin Gwandu kuma sun tashi. Dole kwana.

Mijin Kulu, malamin asibiti ne mai fara'a, ya zo ya ce akwai ɗakin baƙi a gidan da suke haya, da gidan sauro da randar ruwa. Na fara godiya, Alhaji ya katse ni. Bayan hujjar da ya kafa da rana ba zai kai kwalaye gidan haya da dare ba. Yana da aboki ɗan kasuwa da ya gina gida a bakin gari ya koma Abuja, mabuɗi na hannun wani mai kanti. Can za mu.

Gida ne na gaske, ban raina shi ba. Katanga mai tsawo, ƙofar ƙarfe, ɗakuna kamar na makarantar kwana, kuma babu kowa sai mu. Kwaɗon ya yi tsatsa, sai da muka ari man ja muka ɗiga masa. Famfo ya yi tari sau biyu ya yi shiru. Janareta na nan lulluɓe da buhu, ba mai a ciki, ba kuma wanda ya san inda ake ja. Jemagu sun riga mu kama falo. Sauron Kalgo kuwa, wanda ya tashi a fadamar shinkafa ya ci ya ƙoshi, ba ya kuka kafin ya ciji mutum, ya wuce wannan matakin. Ruwan alwala sai da na fita da bokiti na yi sallama a gidan haya na kusa, inda wata tsohuwa ta cika mini shi ta kuma tambaya ko mu ne sababbin masu gadi.

Abu ɗaya na alheri da ya shigo gidan nan shi ne kwanon da Kulu ta aiko: tuwon shinkafa da miyar kifi. Gaskiya ɗaya ce, mutanen Kalgo sun iya kifi, ba sa tsoron sa shi da yawa. Furarsu ce dai ban gane ba. A Gwandu in ka tsayar da ludayi a fura yakan ɗan yi tunani kafin ya faɗi, tasu kuwa za ka iya wanke hannu da ita.

Da gari ya waye idon Alhaji ɗaya ya kumbura. Yana ɗaure kwalaye yana cewa, "Gida dai in ba mai kula da shi, kango ne." Malamin da ya san aikinsa, in allo ya rubuta kansa, ba ya ƙara komai.

Sabis ya dawo da hantsi. Kulu ta buɗe mana tallan masu ba da haya, na ga ashe al'adun ƙasar nan sun sha bamban da namu. Mu a kasuwa ana fara faɗin kuɗi da tsada a sauko. Su suna rubuta araha da manyan baƙaƙe, sai shekara ta zagayo ka ga kuɗin sabuntawa ya ninka, an rubuta shi can ƙasa da rubutun da sai mai tabarau biyu. Wani ya rubuta wurin ajiyarsa ba iyaka. Alhaji ya yi tsaki ya ce, "Rumbun da ba shi cika, ƙasan shi a huje yake." Kulu ta ce haka ne, in ka karanta sharuɗɗa za ka tarar da iyakar a ɓoye, musamman ga masu ajiye murya irinmu.

Nan ne dillali ya farka a jikinsa, ya fara zura hannu har gindin buhu. Ɗakin zai ɗauki karatun duka? Ta ce in an matse muryar ba tare da ta lalace ba, zai ɗauka har da saura. Ƙofar fa, in mutanen Legas da na Kumasi suka taso lokaci ɗaya bayan Tarawihi? Ta nuna masa inda aka rubuta yawan abin da baƙi za su iya ɗiba a wata, ta ce a zaɓi mai gidan da zai bari a koma sashe cikin yini ɗaya in jama'a ta yi yawa, ba sai an kwashe kaya ba. In gobara ta tashi? Mai gida na ajiye kwafi kullum a wani gini, mu ma mu riƙe namu a Gwandu. In an kira shi yana ɗauka? Ta aika saƙo a gabanmu, aka amsa kafin in gama goge tabarau. Suna kuwa, da sunan makarantar Modibbo za a yi rajistarsa, kalmar sirri a hannun mutum uku, kada wani ya sake tafiya Legas da ita.

Na ɗauka an gama. Sai Alhaji ya ɗaga ƙunshin goron nan ya ce, "Duk na ji. Amma maƙwabta hwa? Ni ba ni sa hannu a kai Modibbo kusa da ɗan caca, sai in shi ya ce."

Kulu ta ce, "Baba, ɗora karatun nan yana cin kwanaki, ga wata ya kusa. In ban ji daga gare ku gobe ba, azumi zai kama shafi ba kowa ciki."

Na so in ce da tun a Gwandu aka tambaye shi da ba mu ciyar da sauron Kalgo ba. Na tuna ni ma ban kawo shawarar ba, na haɗiye.

Komawa ba abin faɗi, illa kwalaye sun sake samun taga. Daga tasha muka zarce gidan Modibbo. Yana zaure kan buzu, an naɗe masa wuya da rawani, muryarsa sai ka matso kake ji. Alhaji ya zube ya kwashe bayani, kuma in yi masa adalci bai rage komai ba, har kangon abokinsa ya faɗa. Ya ƙare da cewa gidan haya ya fi sauƙi da tsaro, amma ba a san su wa ke ciki ba, ana iya samun mai caca, ana iya samun makaɗi.

Modibbo ya ce, a hankali, "Bawa, sa'ad da na tahi neman karatu, zaure ɗaya munka kwana da wani makaɗi da mai sayar da taba. Da asuba in ina bita suna zagina. Kafin in baro garin, makaɗin shi ka tashe ni."

Ya yi tari, aka ba shi ruwa. Ya juyo wurina.

"Malam, waɗanga maƙwabta, in an sa karatun, za su ji?"

Na ce, "A'a, Allah gafarta Malam. Kowa da ɗakinsa a rufe, ba mai jin na wani."

Ya girgiza kai. "To wanga shi ne aibin gidan. Ku kama shi haka nan."

A zauren na kira Kulu. Daren da aka ga wata shafi na tsaye, kuma daga Kumasi an aiko cewa bana a fara musu daga rijiya. Goron maƙwabta kuwa Modibbo ya sa aka kai tasha, aka raba wa wasu 'yan caca da ke zama bayan rumfar mai faci, tare da adireshin shafin a rubuce. Alhaji Bawa da kansa ya kai, idonsa ɗaya a kumbure.